Autan Haƙora, Idan Ya Zo Bai Sami Wuri Ba

Ina gaida mutanen Minjibir da kewaye. Ina gaida na Kunya da Kantama, da na Azore da Sarbi, da masunta da manoman rani na bakin dam ɗin Wasai. Wanda ke gona, sannu da aiki. Wadda ke tsakar gida, sannu da hidima. Wanda kuma ya kwana dafe da kunci saboda ciwon haƙori, sannu, Allah ya sawwaƙe. Yau da kai zan fi yin magana.

Maganarmu ta yau a kan haƙori ɗaya ce. Shi ne wanda ke can ƙuryar baki, bayan turame. Wasu na ce masa haƙorin hankali. Larabawa ma haka suke kiransa, don sai mutum ya mallaki hankalinsa yake fitowa. Likitoci kuma suna ce masa turmi na uku. Ni dai autan haƙora nake ce masa.

Bari mu fara da yadda yake zuwa. Yaro yana da haƙoran nono guda 20. Sai ya yi famfara, na girma su maye gurbinsu. Turmin farko yakan fito wajen shekara 6. Na biyu wajen shekara 12. Daga nan sai baki ya yi shiru na wasu shekaru. Can tsakanin shekara 17 da 25, saurayi ya fara gemu, budurwa wataƙila har ta yi haihuwar fari, sai auta ya taso. Guda huɗu ne, biyu a sama, biyu a ƙasa. Da su ne haƙoran babba ke cika 32. Akwai mai uku, akwai mai biyu, akwai wanda Allah bai halitta masa ko ɗaya ba, kuma lafiyarsa ƙalau.

To, ina matsalar take?

Mu mutanen wannan yanki mun san ƙarancin ƙasa. A nan gona tana jingine da gona. Ba a barin saura. Iyaka ɗaya, maƙwabta biyu. Ku ɗauka an raba gonar gado, kowa ya kafa iyakarsa, ya yi shuka, sannan wani magaji ya iso daga baya. Ina zai tsaya? Haka autan haƙora yake. Yana zuwa ya tarar 'yan'uwansa 28 sun riga sun zauna. Idan muƙamuƙin mutum na da fili, sai ya fito tsaye, ya shiga layi, ya yi ta tauna har tsufa. Idan ba fili, sai ya maƙale.

Maƙalewar kuma iri-iri ce. Wani yakan karkata gaba, ya tokari turmin da ke gabansa. Wani yakan kwanta sambal a cikin ƙashi, kansa na tunkuɗar saiwar maƙwabcinsa. Wani ya karkata baya. Wani kuma yana tsaye, amma ya leƙo rabi, rabi na binne. Na ƙasa sun fi na sama yawan wannan fitina.

Masu bincike da dama suna ganin abinci na da hannu a ciki. Muƙamuƙi yana girma ne da aiki. Yaron da ya tashi yana shan rake, yana tauna aya da goriba da gasasshiyar masara, ƙashinsa na samun motsa jiki. Wanda ya tashi a kan biredi da shayi da taliya, tauna ba ta wahalar da shi. Sai dai akwai gado a ciki. Wani haka Allah ya yi shi, haƙora manya, muƙamuƙi ƙarami. Saboda haka kada wanda ya zargi kansa.

Yanzu mu zo kan ciwon kansa. A nan nake so ku kasa kunne sosai.

Haƙorin da ya leƙo rabi, akwai 'yar tsokar dasashi da ke rufe da sauran rabin, kamar murfi. Ƙarƙashin wannan murfi akwai ɗan aljihu. Tuwo na shiga. Ɓarɓashin goro na shiga. Zaren nama na shiga. Asuwaki ba ya kai wa can, buroshi ma da ƙyar. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ga tsaga ta samu. Ƙwayoyin cuta sai su tare a ciki. Dasashi ya kumbura, ya yi ja. Idan mutum ya rufe baki, haƙorin sama ya ciji kumburin, abu ya ƙara tsanani. Baki ya fara wari. Ka ji wani ɗanɗano marar daɗi, wannan mugunya ce ke tsattsafowa. Zafin ya harba kunne, ya harba gefen kai. Kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi. Wani ma buɗe baki sai ya gagare shi, loma ba ta shiga, sai koko da cokali.

Mu ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 22. Damina ta kankama, ana noman farko. Ciwon nan ya taso masa. Ba zai bar gona ba. Da yamma ya je kemis, aka haɗa masa ƙwayoyi, ja da fari da kafso. Ya sha kwana uku. Kumburi ya saɓe. Ya ce alhamdulillahi, na warke. Bayan wata biyu ciwo ya dawo. Ya koma kemis. Ya sake lafawa. Da kaka ya sake dawowa, wannan karon da zazzaɓi.

Jama'a, lafawar ciwo ba warkewa ba ce. Ku riƙe wannan. Lafawar ciwo ba warkewa ba ce. Ƙwaya tana kwantar da kumburi, amma ba ta miƙe haƙorin da ya kwanta. Ba ta buɗe masa fili. Aljihun nan yana nan, gobe ma abinci zai shiga.

Kuma a duk tsawon wannan lokaci, akwai ɓarnar da ke gudana shiru. Inda autan ya jingina da turmi na biyu, abinci na taruwa a tsakaninsu. Turmi na biyu, wanda lafiyarsa lau, wanda shi ne ke yi maka aikin tauna, sai ya fara ruɓewa ta baya, inda ido ba ya gani. Wannan ne abin da ya fi ba ni takaici. Mutum ya yi ta haƙuri don gudun rasa haƙori ɗaya, ƙarshe ya rasa biyu. Wani lokaci kuma, ko da yake ba kasafai ba, wata jakar ruwa takan taru a kewayen haƙorin da ke binne, tana cin ƙashi a hankali, ba zafi, ba alama, sai hoto ya tona ta.

Mu juya kan abin da muke yi a gida. Zan faɗi gaskiya, kuma ba da raini ba.

Akwai abin da ke taimakawa. A sami ruwan ɗumi kofi ɗaya, a zuba gishiri ƙaramin cokali, a kurkure baki, a bar ruwan ya zauna a wajen ciwon, a tofar. A yi haka sau da yawa a yini, musamman bayan cin abinci. Kanumfari ma yana rage zafi, iyayenmu ba su yi kuskure ba, har likitocin haƙori suna aiki da mansa. Farasitamol yana taimakawa idan an sha bisa ƙa'ida. Duk waɗannan na rage raɗaɗi ne kafin a isa asibiti.

Akwai kuma abin da ke cutarwa. Don Allah, kada a ɗiga ruwan batir a haƙori. Kada a sa fetur. Kada a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi a bar ta ta narke, tana ƙona nama. Kada a soka allura ko tsinke a cikin kumburi. Samari, ku kuma ina roƙonku, kada ciwon haƙori ya zama ƙofar shan tiramol. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, kada su sha ibufurofen da danginsa sai da izinin likita. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma, irin kafso ɗin nan, shan sa kwana biyu a ajiye, a sake sha bayan wata guda, yana koya wa ƙwayoyin cutar jure magani. Ranar da ake buƙatarsa da gaske, sai ya ƙi aiki.

Sai maganar tsutsa. Da yawanmu mun tashi da jin cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Ba mu kaɗai ba, mutanen ƙasashe da yawa sun daɗe da wannan zato. Amma babu tsutsa a cikin haƙori. Hayaƙi ba zai fitar da abin da babu ba. A wannan ciwon ma, sau da yawa haƙorin kansa bai da rami ko kaɗan. Wurin zama ne bai samu ba.

Sai maganar masu cire haƙori a kasuwa, da wanzamanmu. Wanzami mutum ne mai daraja a garinmu. Shi ne a ranar suna, shi ne a ranar kaciya. Ban zo in rage masa ƙima ba. Amma wannan haƙori daban yake. Haƙorin da ke girgiɗi, wanda ya tsufa, wannan wani abu ne. Autan da ya kwanta a cikin ƙashi kuwa, awartaki ba ya kama shi. Idan aka matsa, kan ya ɓalle, saiwa ta zauna a ciki. Idan aka yi ƙarfi da yawa, ƙashin muƙamuƙi na iya tsagewa. Ga jijiya a kusa. Ga kuma haɗarin ƙarfen da ba a dafa ba, wanda ke iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau daga bakin wani zuwa naka. Wanzamin kirki, idan ya leƙa ya ga abin a ƙurya yake, zai ce, ɗana, wannan na asibiti ne. Wanda ya faɗi haka ya cika wanzami.

Yanzu ga wurin da ya fi kowane muhimmanci a wannan sharhi. Mai aiki ya ɗan dakata. Inna, a ɗan ajiye muciya.

Akwai alamomin da idan an gan su, ba a jiran gari ya waye. Idan kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri kamar katako. Idan harshe ya fara ɗagowa sama, murya ta sauya. Idan haɗiyar yawu ta gagara, miyau na dalala. Idan numfashi ya fara sarƙewa, mutum ba ya iya kwanciya rigingine. Idan kumburi ya haura wajen ido. Idan zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, baki kuma ya ƙi buɗuwa. Wannan ya wuce ciwon haƙori. Cutar ta bi ta cikin naman wuya, tana neman toshe hanyar iska. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya bayyana wannan ciwo tun shekarar 1836, kuma har yau da sunansa likitoci ke kiransa. Yana kisa, kuma cikin gaggawa. Mafi yawan lokuta daga turamen ƙasa yake tasowa. Mai ciwon suga ya fi kowa shiga haɗari.

Kada a ce hangum ne a shafa magani a jira. Kada a ce a bari a gani zuwa jibi. A nemi mota ko da tsakar dare ne. Na sake faɗa. Kumburi a ƙarƙashin haɓa, da wahalar haɗiya, da wahalar numfashi, asibiti nan take.

To, mu sassauta. Yawancin masu wannan ciwo ba za su kai can ba, in sun je da wuri. Me ake yi a asibiti?

A fara da wuri mafi kusa. A je babban asibitin Minjibir, ko asibitin sha-ka-tafi na unguwa, a nuna. In aikin ya fi ƙarfin wurin, za a tura mutum gaba. A cikin Kano akwai sashen haƙori a Asibitin Murtala. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi, kuma a nan ɗaliban likitancin haƙori na Jami'ar Bayero ke koyon aiki. Daga Minjibir mutum zai je ya dawo a yini guda.

Abu na farko, likita zai duba. Abu na biyu, hoto. A kan hoton nan nake so in tsaya. Ido yana ganin kan haƙori ne kawai, wani lokaci ko kan ba ya gani. Hoto ne ke nuna yadda ya kwanta. Hoto ne ke nuna saiwarsa nawa, miƙaƙƙiya ce ko lanƙwasasshiya. Hoto ne ke nuna kusancinsa da jijiyar da ta ratsa cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa. Akwai ƙaramin hoto na haƙori ɗaya. Akwai babba, wanda na'ura ke zagaya kai, ya fito da baki gaba ɗaya daga kunne zuwa kunne. Mai haƙa rijiya ba ya sara ƙasa sai ya san abin da ke wurin. A duba, a ɗauki hoto, sannan a yanke shawara.

Idan wurin ya kumbura sosai, likita yakan fara wanke ƙarƙashin murfin nan, ya ba da magani, ya ce a dawo bayan kumburi ya saɓe. A nan ne da yawa ke ɓacewa. Sun ji sauƙi, sai su ƙi komawa. Malam, ka koma. Ranar da aka ba ka, ka koma. Lafawar ciwo ba warkewa ba ce.

Ranar cirewa, yawanci ba a sa mutum barci. Allura ake yi a cikin baki, gefen ya mutu, leɓe ya yi nauyi. Za ka ji ana dannawa, za ka ji ƙarar na'ura, amma bai kamata ka ji zafi ba. In ka ji, ɗaga hannu, za a ƙara allura. Idan haƙorin a binne yake, likita zai ɗan tsaga dasashi, ya rage ƙashin da ya rufe shi kaɗan. Sau da yawa yakan raba haƙorin gida biyu ko uku, ya fitar da shi gutsure-gutsure. Kada ka tsorata ka ce ya karya maka haƙori. Da gangan ne, don a fitar da shi ta ƙaramar ƙofa. Sai a wanke, a yi ɗinki, a sa auduga ka ciza. A ranar za ka koma gida.

Kafin a fara, ka faɗa wa likita komai. Hawan jini, ciwon suga, sikila, juna biyu, maganin tsinka jini, ko in jininka ba ya saurin tsayawa. Har maganin gargajiyar da kake sha, ka faɗa.

Na san akwai tsoro biyu a zukatan mutane. Bari in taɓa su.

Na farko, ana cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido. Jijiyar gani daban, jijiyar haƙori daban. Cire haƙori a hannun likita ba ya makantar da mutum. Abin da ke iya barazana ga ido shi ne mugunyar da aka bari ta haura sama.

Na biyu kuwa, tsoron mutuwar leɓe, yana da tushe, kuma ba zan ɓoye muku ba. Jijiyar nan ta muƙamuƙin ƙasa ita ke ba leɓe da haɓa ji. Wata kuma a kusa tana ba harshe ji. Idan aikin ya taɓa ɗaya daga cikinsu, bayan an gama mutum na iya jin leɓensa ko gefen harshensa kamar ba nasa ba. Ga mafi yawan waɗanda hakan ta samu, yana wucewa cikin makonni ko watanni. Kaɗan ne yake zame musu na dindindin. Shi ya sa hoto ke da muhimmanci. Idan likita ya ga saiwar ta rungumi jijiya, akwai dabarar yanke kan haƙorin kawai, a bar saiwar a wurinta. Ka tambaye shi. Haƙƙinka ne ka tambaya.

Bayan an cire, aiki ya dawo hannunka. A cikin ramin, jini zai daskare ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne murfin rauni, a ƙarƙashinsa nama ke tsirowa. Ka kiyaye shi. Ranar farko kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu da ƙarfi. Wajen alwala ma a bi a hankali. Kada harshe ko yatsa ya je wurin. Kada a sha abu mai zafi ƙwarai. A sha koko da ya huce, da fura mai laushi, da kunu. Taba sigari a ajiye ta, goro ma a ɗan haƙura. Fartanya da ɗaukar buhu su jira kwana biyu ko uku. Daga rana ta biyu sai a fara ruwan ɗumi da gishiri, a hankali. Kunci zai kumbura, ya fi yawa a rana ta biyu da ta uku, sannan ya fara sauka. Wannan ba abin tsoro ba ne. Amma idan bayan kwana uku ko huɗu zafi ya dawo sabo, mai tsanani, yana harba kunne, to wataƙila gudan jinin ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. A koma asibiti, za a wanke a sa magani. Haka nan idan jini ya ƙi tsayawa bayan an ciji auduga mai tsabta.

Wani zai ce, to ni nawa ya kwanta amma bai taɓa damuna ba, in je a cire? Ba dole ba ne. A Amurka an saba cire wa matasa tun kafin ya yi ciwo. A Ingila kuwa, tun shekarar 2000 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani ta ce kada a cire wanda ba ya ciwo kuma bai ɓata komai ba. Ni ina ganin wannan ya fi dacewa da mu, ga kuɗi ga nisa. Wanda ya zauna lafiya, a bar shi, a riƙa tsabtace wurin, a riƙa dubawa. Wanda ya kumbura ya sake kumbura, ko ya ruɓe, ko yana ruɓar da maƙwabcinsa, shi ne ake cirewa. Kuma ƙashin matashi ya fi na dattijo saurin warkewa, jinkiri ba ya sa aikin ya yi sauƙi.

Saura maganar kuɗi, don na san ita ce ke hana da yawa. Kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin hoto, kuɗin aiki. Ba ƙaramin abu ba ne ga manomi. Amma a lissafa abin da ake kai wa kemis sau huɗu ko biyar a shekara. A lissafa kwanakin da gona ta zauna ba aiki. A lissafa kuɗin kwanciya a gadon asibiti idan wuya ya kumbura. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ciwon ya lafa, baki na buɗuwa, kana cin tuwonka, wannan ne lokacin zuwa. Ga manomin damina, bayan kaka, an kai amfani gida, akwai ɗan abin hannu, kafin ruwa ya sake sauka. Ga manomin rani na Wasai, ya duba tsakanin ɗiban kaya da sabuwar shuka.

Iyaye maza, ina da roƙo. Amarya ko matar gida za ta iya kwana uku da wannan ciwo tana ɗaure kunci da ɗankwali, kunya ta hana ta faɗa. Shekarun fitowar haƙorin nan su ne shekarun aure da goyon fari. Maigida, in ka ga tana tauna ta gefe ɗaya, ka tambaya. In tana da juna biyu ma a kai ta, likita ya san abin da ya dace da ita. Malaman tsangaya, ku ma ku duba manyan almajiranku, su ba su da mai kai su sai ku.

Kai kuma ɗan'uwana da ka kwana dafe da kunci, yau ka dafa ruwa, ka sa gishiri, ka kurkure. Gobe da safe ka shirya ka je a duba, ka ce a ɗauki hoto. In kuwa haɓarka ta kumbura, haɗiya na yi maka wuya, kada ka jira goben, ka tashi wani ya kai ka yanzu. Allah ya ba ka lafiya, ya ba duk marasa lafiyarmu na gida da na asibiti.